Zaman da Ya Fi Noma Wuya

Malam ya mayar mana da takardarmu ranar da za a ba da hutu. Ya ce in muka dawo ba mu gyara ta ba, wani aji zai ba wa gurbin gasar kimiyya, ga shi gurbi ɗaya ne tak makarantarmu ta Jega take da shi. Bai gaya mana abin da ya lalace ba. Ya dai ja jan layi a ƙarƙashin sakin layi na biyu.

Ni da ƙawata Murja muka shirya aikin. Tambayarmu ita ce: in ƙwaƙwalwar mutum ta gaji, shin kamun kansa yana raguwa? Mun tsara mu raba 'yan ajinmu gida biyu. Rabi su yi lissafi mai wuya, rabi kuma su je ofishin malamai su zauna su huta. Bayan haka a ajiye alawa a gaban kowa, a ce kada a taɓa sai an dawo, mu ga su wa za su fi daurewa. Sakin layi na biyu shi ne na masu hutawa.

"Ai wannan shi ne mafi sauƙi a duk aikin," in ji Murja. "Zama kawai za su yi. Me za a gyara a zama?"

Babana ya ce mu tafi Aliero wurin yayarsa, Gwaggo Asabe, wadda ta yi shekaru tana aiki da masu binciken halayyar ɗan Adam na wata jami'a kafin ta ajiye. Mun same ta a tsakar gida a kan tabarma, tana zaɓen albasar da za a jera a rudu, wato rumfar da ake ajiyarta a kai. Murja ta karanta mata takardar. Hannun Gwaggo bai tsaya ba sai da aka zo kan ofishin malamai. Nan ta ajiye albasar da ke hannunta.

"Sake karanta wurin ga."

Murja ta sake.

"Wa ya rubuta shi?"

"Hafsatu ce, Gwaggo," in ji Murja tana nuna ni. "Amma tare muka yi shawara."

"To ku zauna. A'a, ba can ba, nan kusa da tarin. Manya dama, ƙanana hagu, wadda ta yi laushi ku jefa bayanku. Hannu na aiki, kunne na ji."

Abin da ke biye maganarta ce, kamar yadda na riƙe ta.

* * *

Aikin farko da aka ba ni cikin sana'ar ga cukurkuɗa igiya ne. Na gama karatu, na zo ina tsammanin tebur da fanka, sai Dakta, mutumin da ya koya mini aikin, ya miƙo mini damin igiyar ɗinkin buhu da wani katako da ya kafa wa ƙusoshi. A wancan lokacin, da igiyar muke auna juriya. A ba mutum ita a cukurkuɗe, a ce ya warware, in ya ji ya ishe shi ya ajiye, ba laifi. Mu kuma muna bayan labule da agogo, don in kina tsaye a kansa ba zai ajiye ba ko zai kai magariba, kunyarki yake ji. To, in igiyar Audu ta fi ta Garba cukurkuɗewa, ba juriyarsu kika auna ba, igiya kika auna. Shi ya sa aka yi katakon. Kowace igiya sai ta bi ƙusoshin nan bi da bi, hanya ɗaya, a zare ta, a murɗa ta murɗi ɗaya. Na yi ta yi har yatsuna suka yi kanta. Dakta ya kan ɗauki biyu ya ja bakinsu. In ɗaya ta riga ɗaya sakewa, sai ya tura mini kwandon gaba ɗaya da ƙafa, ya koma kan karatunsa.

Murja, dariya kike yi. Ni ma da farko na ɗauka raini ne. Sai daga baya na gane cewa duk sana'ar a nan take. Gajiyar da mutum ba wuya, kowa ya iya. Abin da ke da wuya shi ne ɗaya ɓangaren, wanda muke kira rukunin kwatance. Su ne mutanen da za su bi ta duk inda na farko suka bi, ɗaki ɗaya, mai tarba ɗaya, tsawon lokaci ɗaya, sai dai a cire musu abu guda, abin da kike son ki auna. Manomin da ke son ya san ko sabon taki na da kyau ba ya zuba shi a fadama ya je ya kwatanta da tudu. Fangali biyu zai ware kusa da juna, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya. In ba haka ba, duk abin da ya gani bai san daga ina ya zo ba.

Ƙwaryar can da ke rataye, a Dangamaji na fara amfani da ita. Mun je muka gaida mai unguwa, muka yi masa bayani cewa wasu za su yi aiki mai wuya, wasu mai sauƙi. Mutumin kirki ne, ya ce mu bar masa wannan. Da gari ya waye sai na tarar ya riga ya raba mana mutane: dattawa duk a layin mai sauƙi, samari a layin mai wuya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba." Ya ce, "Malama, a garin ga ba a wahalad da tsoho yaro na zaune." Gaskiyarsa ta fuskar ladabi. Amma da mun bi tasa, da tsufa da ƙuruciya muka kwatanta. Sai na ari ƙwarya, na zuba farin wake da ja, na rufe da ƙyalle. Kowa ya sa hannu ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Wani dattijo ya ɗauko ja, wato aiki mai wuya, ya duba, ya ce haka Allah ya so. Ba mai jayayya da ƙuri'a. Tun daga ranar ban sake fita aiki ba tare da ita ba.

A Andarai kuma tambaya ce ta kayar da ni. Ƙa'ida ce in mutum ya gama aikin farko a tambaye shi yadda ya gaji, don a tabbatar mai wuyar ya yi wuya, mai sauƙin ya yi sauƙi. Na tambayi mutum na farko, ya ce ba gajiya. Na biyu, ba gajiya, alhamdu lillahi. Wani gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce ai aiki sai godiya. Wata Bafillatana da ta ajiye ƙwaryar nononta a bakin ƙofa ko amsawa ba ta yi ba, ta dai sunkuyar da kai. Na koma da takardu cike da ba gajiya. Dakta ya duba ya ce, "Asabe, gaisuwa kika yi musu, suka amsa miki gaisuwa." Na daɗe ina juya abin kafin na samo dabara. Na sayi kofin roba da tasa. In mutum ya gama sai in cika kofin da ruwa, in ce, "Wanga kofi kai ne lokacin da ka shigo. Zuba cikin tasa gwargwadon abin da aikin ga ya ci maka." Sai in juya ina gyara tabarma. Abin da baki ya ƙi faɗi, hannu ya kan zuba shi. Wanda ya ce ba gajiya sai ki ga ya zubar da rabin kofi.

Su ne abokan cinikinmu, in za a kira su haka: manoma, makiyaya, masu awo, matan da suka bar girki suka zo. Ba wanda ake tilasta wa, kuma duk wanda ya gama sai an zaunar da shi an gaya masa ainihin abin da ake nema. Wasu su yi dariya, wasu su ce mu 'yan boko ba mu da aikin yi.

Yanzu ga shekarar da ta kusa raba ni da aikin. A Maiyama ne, cikin wani aji da aka ara mana, da rani, daidai lokacin tonon albasa. Mu uku ne: ni, da Sa'adu mai riƙe agogo, da Larai mai tarbar mutane. Masu jan wake suna yin aikin saɓa hannu: in an ce dama su ɗaga hagu, in an ce hagu su ɗaga dama, da sauri, ba tsayawa. Masu farin wake kuwa a ba su kujera, a ce su zauna shiru su huta daidai tsawon wannan lokaci. Haka yake a littattafan da muka koya, haka ake yi a wurare da yawa. Bayan nan kowa a ba shi igiya. Kofin ma masu jan wake kaɗai muke ba, don mi za a tambayi wanda ya huta ko ya gaji?

Da aka haɗa lissafi sai abin ya fito a juye. Waɗanda suka huta su ne suka fi saurin ajiye igiya. Waɗanda muka wahalar su ne suka fi daurewa. Dakta ya sake lissafin da kansa, bai canza ba. Masu ɗaukar nauyin aikin suka aiko cewa ba su gamsu da abin da ke fitowa daga wajenmu ba. A jami'a wasu suka fara cewa ƙila ma'aikatan fili ne suka haɗa sunaye. Aka ce an ba mu zagaye ɗaya. In ya sake fitowa ba kai ba gindi za a rufe ɓangarenmu, ni da Sa'adu da Larai kowa ya kama gabansa.

Na bi kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Na zazzage waken na duba. Na gwada agogon da na wani. Na warware igiyoyi na sake ɗaura su a katako. Ban sami komai ba. Akwai sauran mutanen da muka riga muka yi wa alkawari, don haka muka ci gaba da karɓarsu, ni kuma na bar wa Sa'adu komai, na koma jikin labule inda ya ɗan yage, ina kallon kujerar kawai.

Wani dattijo ya zo daga Liba, ana ce masa Baba Ango. Ya ɗauki farin wake. Larai ta kai shi kujera, ta ce ya huta, kada ya yi magana, za a kira shi. Ya zauna a bakin kujerar, bai jingina ba. Ya ɗora tafin hannuwansa a gwiwa. Ƙuda ya sauka a gefen idonsa, bai kore shi ba. Na ga maƙogwaronsa na motsi kamar mai haɗiye abu. Can sai ya saci kallon taga, ya yi maza ya mayar da idonsa kan allo. Da aka ba shi igiya ya ɗan taɓa ta, ya ajiye.

Na bi shi waje, yana kwance kekensa daga jikin dalbejiya.

"Baba, sannu da hutawa."

Ya juyo ya dube ni. "Mi kinka ce, ɗiyata?"

"Na ce sannu da hutawa."

"Wane hutu? Kun aje ni bisa kujera, an ce kar in yi magana, kun shige bayan labule. Ni wuri biyu na sani da aka aje mutum haka, asibiti da gaban alƙali. Tari yat taso min, na haɗiye shi. Ƙafata tai sanyi, na ce in na motsa sai a rubuta. Ga albasata can Liba, jiya munka tone ta, tana kwance cikin rana, ban sani ba ko yaran sun rufe ta da ganye. Da hauya kinka ba ni kinka nuna min gona, da na gode miki. Zaman ga ya fi noma wuya."

"To igiyar fa, Baba? Na san ka iya warware wadda ta fi ta."

"Igiya? Ni a lokacin ƙofa kawai nika gani."

Ya hau kekensa ya tafi. Na koma ajin, na ce wa Sa'adu ya shiga bayan labule da agogonsa, na zauna a kujerar da kaina. Ni da na san ba abin da ake rubutawa, ba a jima ba hancina ya fara ƙaiƙayi, na kama kaina ina tunanin ko ya dace in sosa. Washegari muka fara ba masu farin wake kofi. Wasu sun zubar da ruwa fiye da masu saɓa hannu.

Na kira Dakta na gaya masa. Sai ya ce, "Wato mutanen da muka ce suna hutawa su ne suka fi kowa danne zuciya a ɗakin." Na ce haka na gani. Ya ce, "To ki nemo mini abin da yake da sauƙi a wurinsu, ba a wurin littafi ba."

Neman ya ɗauki lokaci. Na gwada kunna musu rediyo, sai suka kama gardama da mai karanta labarai, wani har ya tashi tsaye. Na gwada ba su hotuna su duba, suka ɗauka akwai abin da aka ɓoye a ciki, suka ƙura ido har suka fi gajiya. Na gwada hira, sai na ga hira da baƙuwa mai takarda a hannu ita ma aiki ce. Rannan na shiga kasuwar albasa nan Aliero sayen ta miya, na tsaya kusa da masu zaɓe kafin a ɗura a buhu. Suna ba'a, suna tsokanar wani da aka ce ya sayi babur ya kasa hawa, ɗaya ma yana cin rake, amma hannuwansu na tafiya, babba nan, ƙarama can, ba kuskure. Na daɗe a tsaye har mai albasar ya ce, "Hajiya, saye za ki yi ko ƙirga mana kike?"

Ga yadda muka tsara zagayen ƙarshe. Muka fitar da kujera, muka shimfiɗa tabarma. Tarin albasa ɗaya, kwando biyu. Wasu albasun muka ɗiga musu bula, shuɗin wanki, a gindi. Kowa, fari ko ja, zai fara da zaɓe irin wanda ya saba, manya dama, ƙanana hagu, har hannu ya kama hanya. Daga nan mai farin wake ya ci gaba abinsa. Shi ɗigon bula ba ya damunsa, ya saba ganin alamar mai kaya. Mai jan wake kuwa sai a ce masa daga yanzu duk wadda ke da ɗigo a juya ta, babba ta tafi hagu, ƙarama dama. Ku gwada ku ji. Hannu ya riga ya tafi, sai kin kamo shi a hanya kin dawo da shi. Wannan kamowar ita muke son aunawa, kuma ita kaɗai ce ta bambanta su. Albasa ɗaya suka taɓa, bayansu ya sunkuya daidai, warin da ya shiga hancinsu ɗaya ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke cin mutum. Larai ba ta tsaya a kansu ba, ta zauna gefe da nata tarin tana zaɓe, don kada kowa ya ji ana kallonsa. Sa'adu muka mayar da shi ɗaki na biyu wurin igiya, kuma ba a gaya masa launin waken kowa, don ko bai yi niyya ba yatsansa na iya jinkiri a kan agogo in ya san amsar da Dakta ke fata. Muka jira sai da aka gama tono, kowa ya kai albasarsa rudu, hankali ya kwanta. Albasar gwajin kuma in ta sha hannu ɓawonta na zubewa, ta yi santsi, sai an canza ta, kuma daga gona ɗaya. Kafin mu fara na gaske muka gwada da kofi. Masu zaɓen da aka saba suka ɗiga kaɗan, wasu ma ba su zuba ba. Masu juyawa suka zuba sosai. Ranar ce Dakta ya ce a fara.

Albasar daga gonar Baba Ango muka riƙa samo ta. Ya kawo buhun farko da kansa, ya leƙa ajin.

"Yau ba kujera?"

"Mun sallame ta, Baba."

"To a ba ni ƙwaryar in ɗauki wake. Wanga aiki na iya shi."

"Ba ka shiga, Baba. Ka riga ka san abin da muke nema."

"Af. Na sha wuya, daɗi yaz zo an ce ban shiga. To ki ba ni kujerar, in aje ma surukina in ya zo gaisuwa."

Da aka haɗa lissafin wannan karon, masu juya albasa sun riga masu zaɓen da aka saba ajiye igiya. Amma bambancin kaɗan ne, bai kai yadda littattafan suka sa mu tsammani ba. Sa'adu ya ce da ma ya fi haka girma, da ya fi daɗin kai wa manya. Dakta ya ce a rubuta shi yadda ya zo, a rubuta na zagayen da ya gabata ma, da kujerar, da kofin, da dalilin da ya sa ya fito a juye. Abin da ya ceci ɓangarenmu ke nan. Masu ɗaukar nauyin suka ce mutanen da suka iya gano inda kwatancensu ya karkace, suka gyara, ana iya yarda da abin da suka kawo, babba ne ko ƙarami. Larai har yanzu tana can, ita ke koya wa sababbi. Ni ma a nan na ƙarasa shekaruna na aiki.

Har gobe masana na gardama a kan gajiyar nan. Wasu sun ce tana rage kamun kai sosai, wasu sun ce kaɗan, wasu sun ce ba ta yi sam. Ku ne za ku ci gaba da gardamar in kuna so. Ni dai abin da na iya shi ne in tabbatar fangalin nan biyu daidai suke kafin a zuba taki. Murja, babbar nan da kika ɗauka, kwandon hagu kika kai ta.

* * *

Murja ta duba kwandon, ta ciro albasar ta mayar dama. Sai ta dubi takardarmu.

"Ofishin malamai," ta ce daga baya. "Ni ko wucewa zan yi ta ƙofar sai na gyara hijabi na rage sauri."

"To kin ga masu hutunku," in ji Gwaggo.

Muka juya bayan takardar muka fara sabo. Kowa zai zauna a ajinmu, a kan bencinsa. Kowa zai yi lissafi, takarda iri ɗaya, layi iri ɗaya, sai dai na wasu irin wanda muka haddace tun firamare ne, na wasu kuma mai sa a tsaya a yi tunani. Wake ne zai raba. Wadda za ta lura da alawa ba za ta san wa ya yi wanne ba. Murja ta ce a ƙara kofi, Gwaggo ta ce a ƙara. Sai Murja ta rubuta a ƙasa cewa masu lissafi mai sauƙi za su yi nasu ranar Litinin, sauran ranar Talata, don kada aiki ya yi mana yawa.

Na ce, "Ban da Litinin."

"Don me?"

"Jamila da Saratu na ajinmu ba sa zuwa famfo shan ruwa ranar Litinin da Alhamis. In an fita tara cin abinci ba sa sayen komai. Ina jin azumi suke yi, kuma ba za su faɗa ba. Ƙila akwai wasu. In muka ajiye musu alawa ba za su taɓa ba, mu kuma mu rubuta cewa hutu ne ya ba su haƙuri."

Gwaggo ta dube ni, sannan ta dubi Murja. "Ki goge. Kuma kada ku raba su rana daban-daban. Kowace rana a samu fari a samu ja." Ta tashi ta sauko da ƙwaryar daga ƙusa, ta busa ƙurar da ke ciki, ta miƙo mini. "Aro ne. Waken ku saya da kanku, nawa ƙwari sun cinye."

Ranar da aka koma makaranta muka kai wa Malam takardar a ofishin malamai. Muna tsaye, hannuwanmu a baya. Ya karanta sakin layi na biyu har sau biyu, ya wuce. Da ya zo ƙasa ya tsaya.

"Me ya sa Talata da Laraba kawai?"

Murja ta taka mini ƙafa. Na ce saboda masu azumin nafila, waɗanda ba za su so a sani ba.

Ranar Litinin ce. Kofin shayin Malam yana kife a kan tebur, busasshe. Ya dube shi, ya ɗan yi murmushi, ya jawo takardar gasar ya rubuta sunayenmu.